Tsoffin Rubuce-Rubucen da Aka Karta a Bangon Gine-Ginen Tarihi: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin rubutu ake nufi, kuma me ya raba shi da rubutun da magina suka yi wa gini tun asali?

Kusan kowane babban ginin tarihi yana ɗauke da rubutu iri biyu. Na farko shi ne wanda sarki ko attajiri ko shugaban addini ya ba da umarni a yi, aka biya gwanin sassaƙa ya tsara shi da manyan haruffa a inda kowa zai gani. Na biyu shi ne wanda ba ya cikin tsarin ginin, wato wanda wani mutum ya zo daga baya ya karta da tsinin wuƙa ko ƙusa a jikin ginshiƙi, ko bakin taga, ko gefen matakala. Wannan na biyun ake magana a kansa a nan, kuma ya haɗa da sunaye, da addu'o'i, da kwanan wata, da lissafin kuɗi, da zanen jiragen ruwa da dabbobi da fuskokin mutane.

Rubutun hukuma yana gaya mana abin da masu iko suka so a tuna da su da shi. Rubutun karce kuwa yana nuna mana wanda ya tsaya a wurin, da abin da ke ransa a wannan sa'a, kuma sau da yawa shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa mutumin ya taɓa rayuwa a duniya.

Su wane ne suka yi waɗannan rubuce-rubuce?

Sojoji, da fursunoni, da masu ziyarar ibada, da magina, da malaman addini, da fatake, da masu yawon buɗe ido na kowane zamani. A Abu Simbel da ke kudancin Masar, sojojin haya Girkawa da suka bi rundunar Fir'auna Psamtik na Biyu zuwa ƙasar Nubiya wajen shekara ta 593 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun karta sunayensu da na shugabanninsu a ƙafar ƙaton gunkin Ramses na Biyu, wanda a lokacin ya riga ya haura shekara 600 a tsaye. A Aya Sofiya, babban ginin ibada da ke Istanbul, wadda aka kammala gininta a shekarar 537, akwai wani rubutu a kan dutsen makarin benen sama da haruffan mutanen arewacin Turai na da. Ya goge sosai, amma ana iya karanta sunan Halfdan a ciki, kuma masana suna danganta shi da mayaƙan ƙasashen Sikandinebiya da suka riƙa zuwa birnin suna yi wa sarakunan Rumawa aikin soja.

Akwai kuma waɗanda ba su da inda za su je. A Hasumiyar Landan, bangon ɗakunan da aka tsare fursunoni a ƙarni na 16 da na 17 cike yake da aikin hannunsu. Wani mai masaukin baƙi daga garin Bristol, Hew Draper, wanda aka tsare bisa zargin sihiri, ya sassaƙa taswirar taurari mai ɗauke da layuka da lambobi, ya sa sunansa da ranar 30 ga Mayu, 1561. Duk wanda ya dubi tsaftar layukan zai gane cewa aikin mutum ne mai ilimi, wanda lokaci ya yi masa yawa, ba shi kuma da abin yi sai bangon da ke gabansa.

Da me suke kartawa, kuma me ya sa wasu gine-gine suka fi wasu yawan rubutu?

Mafi yawa da abin da ke hannun mutum ne: wuƙar da yake ratayawa a ɗamara, ko ƙusa, ko ƙarfen da ake rubutu da shi a kan allon kakin zuma a zamanin Rumawa. Da'irori masu kyau ana yin su da kamfas ko da almakashi, a kafa tsini ɗaya a tsakiya a juya ɗayan. Nau'in dutsen shi ne yake yanke hukunci. Dutsen alli da dutsen yashi suna da laushi, wuƙa tana shigarsu ba tare da wahala ba, shi ya sa gine-ginen da aka yi da su suke cike da rubutu, alhali dutse mai tsananin tauri ba ya karɓar komai sai da cizal da guduma.

Mene ne aka fi samu a jikin bangon?

Suna shi ne kan gaba, wato "wane ya zo nan" ko "wane ne ya rubuta wannan". Bayan suna sai addu'a da neman tsari. A tsoffin coci-coci na Ingila ana yawan samun da'ira mai ɗauke da ganye shida a ciki, kusa da ƙofa ko taga ko wurin wankan baftisma, kuma masu bincike da yawa suna ganin an yi ta ne domin kore sharri, ko da yake wasu daga cikinsu na iya zama gwajin hannun magina masu koyon aiki. Ana samun zanen jiragen ruwa har a wuraren da ke nesa da teku. A cocin garin Blakeney da ke gaɓar tekun Norfolk akwai ginshiƙi da aka zana wa jirage masu yawa a tsawon zamani, kuma abin lura shi ne masu zanen sun riƙa kauce wa juna, kowa ya nemi fili ya bar na wanda ya riga shi, abin da ke nuna cewa zanen yana da wata daraja a idonsu. A Kudus, bangon matakalar da ke sauka zuwa ɗakin ibada na Helena, a cikin cocin da Kiristoci suke ɗauka a matsayin wurin kabarin Almasihu, cike yake da ƙananan gicciye da aka sassaƙa a jere saboda masu ziyara.

Akwai kuma raha da alfahari. Maeshowe kabari ne da aka gina da manyan duwatsu a tsibiran Orkney na Sikotilan kusan shekara 5,000 da suka wuce. A ƙarni na 12 wasu mutanen Sikandinebiya sun fasa shi suka shiga, suka bar rubutu kusan 30 a bango. Ɗaya ya yi iƙirarin cewa shi ne gwanin rubutu na dukan tekun yamma, wani ya yabi kyawun wata mace, wani kuma ya miƙa hannu can sama ya rubuta cewa shi ne ya yi rubutu a nan sama. A Pompeii ta Italiya, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, an tattara rubuce-rubuce sama da 11,000, galibinsu a jikin shafen bango, daga gaisuwa da baitocin soyayya zuwa zagi da lissafin bashi. Wani baiti da aka samu a wurare fiye da ɗaya a garin yana yi wa bango mamakin yadda bai rushe ba duk da nauyin shirmen marubuta da yake ɗauke da shi.

A wancan zamani ba a ɗauki wannan a matsayin laifi ba ne?

A wurare da yawa alamu sun nuna cewa ba a ɗauke shi haka ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba mai karatu na yau mamaki. A Pompeii, rubuce-rubuce masu yawa suna cikin gidaje ne, har da gidajen masu hali, a zaure da barandar tsakar gida, da ƙananan haruffa, inda babu yadda za a yi baƙo ya tsaya yana karta bango ba tare da mutanen gida sun gani ba. A coci-cocin Turai na tsakiyar zamani kuwa, bangon ciki a shafe yake da launi ja ko baƙi ko shuɗi, saboda haka duk wanda ya karta layi, farin dutsen da ke ƙasa ne yake fitowa fili, a gan shi daga nesa. Abin da yau sai da tocila ake ganinsa, a lokacin yana bayyane ga liman da jama'a, kuma da an ƙi shi da an shafe shi cikin sauƙi, amma aka bar shi ɗaruruwan shekaru.

A Masar ma manyan mutane sun yi. A shekara ta 130, lokacin da Sarkin Rum Hadrian ya ziyarci manyan gumakan nan biyu da ake kira na Memnon a yammacin Luksor, wata mace daga cikin tawagarsa, Julia Balbilla, ta sa an sassaƙa waƙoƙinta na Girkanci a ƙafar ɗaya daga cikinsu. Ra'ayin cewa tsohon gini amana ce da ba a taɓawa ya kafu ne sannu a hankali, musamman daga ƙarni na 19, kuma ko a wannan ƙarnin Turawa matafiya ba su daina ba: a ƙofar shiga Persepolis ta Iran har yau ana karanta sunan ɗan jarida Henry Morton Stanley da shekarar 1870.

Yaya ake gane shekarun rubutun da ba shi da kwanan wata?

Wannan shi ne sashe mafi wuya na aikin, domin tsagar da ke jikin dutse ba ta ɗauke da wani abu da za a kai ɗakin gwaji a auna shekarunsa kamar yadda ake yi wa ƙashi ko gawayi. Masu bincike suna haɗa alamu ne. Suna fara da shekarar da aka gina bangon, tunda rubutu ba zai girmi bangon da yake kai ba, sai fa idan an ɗauko dutsen daga wani tsohon gini, wanda yakan faru, kuma akan gane shi idan rubutun ya juye ko ya yanke a bakin dutse. Sannan su dubi siffar haruffa, domin salon rubutu yana sauyawa daga ƙarni zuwa ƙarni. Idan zane ne, tufafin mutumin, ko irin takobinsa, ko yadda aka ɗaura filafilan jirgi, duk suna nuna zamani. Inda layi biyu suka haɗu, ana duba wanda ya yanka ɗan'uwansa, wanda ke sama shi ne na baya. Idan kuma an samu farar ƙasa ko fenti a cikin tsagar, an san cewa rubutun ya riga wannan shafen.

Tsayin rubutun ma yana magana. Rubutun da yau yake can sama inda hannu ba ya kaiwa yakan nuna cewa a lokacin da aka yi shi rairayi ko ɓaraguzai sun cika wurin, mutum yana tsaye a kansu, kamar yadda ake gani a haikalai da dama na Masar. Duk da haka, a lokuta da yawa iyakar abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne rubutun ya faɗo tsakanin ƙarni kaza da ƙarni kaza. Ya kamata kuma a yi hattara da sunayen shahararru, domin su ne aka fi yi wa ƙarya. Sunan mawaƙin Ingila Byron da ke jikin ginshiƙi a gidan sarautar Chillon na Suwizalan, alal misali, har yanzu ana gardama a kan ko hannunsa ne ya yi shi.

Akwai wani abu na gaske da tarihi ya ƙaru da shi daga irin wannan rubutu?

Akwai, kuma ba kaɗan ba. Rubutu na ƙarshe mai kwanan wata da aka sani da tsoffin haruffan hoto na Masar yana haikalin Philae, wani limamin haikalin mai suna Esmet-Akhom ne ya yi shi ranar 24 ga Agusta, 394. Da shi aka san lokacin da tsarin rubutun da ya yi shekara sama da 3,000 yana aiki ya kai ƙarshensa. A ginshiƙan tsohon haikalin Parthenon na Atina an tattara rubuce-rubuce sama da 200 na zamanin da aka mayar da ginin coci, kuma daga cikinsu aka samu sunaye da ranakun rasuwar shugabannin cocin birnin waɗanda littattafai ba su adana ba. A cocin Sofiya ta Kiev an tattara sama da 7,000, ciki har da wanda ya ambaci rasuwar Sarki Yaroslav a 1054.

Wanda ya fi taɓa zuciya a ganina yana cikin hasumiyar cocin ƙauyen Ashwell a Ingila. Wani ya karta da Latin cewa shekarar 1350 shekara ce ta baƙin ciki da firgici, kuma ragowar mutane ne kawai suka tsira su ba da shaida. Yana magana ne a kan annobar da ta kashe wani babban kaso na mutanen Turai a tsakiyar ƙarni na 14. A ƙarƙashinsa an ƙara labarin wata guguwa mai ƙarfi ta shekarar 1361. Littattafan tarihi sun kawo labarin annobar da alƙaluma, amma wannan muryar mutum ce da ya binne maƙwabtansa, ya shiga coci da wuƙa a hannu domin kada abin ya wuce ba a rubuta ba.

Akwai irin wannan da Larabci?

Akwai dubbai, a Hijaz da Sham da Urdun da hamadar Sinai, kodayake mafi yawansu suna jikin duwatsun kan hanyar ayari ne. Lafazin da ya fi yawa a cikinsu shi ne roƙon Allah Ya gafarta wa wane ɗan wane, wani lokaci har da wanda ya karanta ya ce amin. Ɗaya daga cikin mafi tsufa masu kwanan wata yana kusa da Al-Ula a Saudiyya, inda wani mai suna Zuhairu ya rubuta cewa ya yi rubutunsa ne lokacin da Umar ya rasu, shekara ta 24 bayan Hijira. A ginin Kasar Kharana da ke hamadar Urdun kuma, wani rubutu da aka yi da tawada a bangon ɗaki na sama yana ɗauke da watan Muharram na shekara ta 92 bayan Hijira, wato 710 Miladiyya, kuma da shi aka tabbatar cewa ginin ya riga wannan shekara tsayuwa.

Me ya sa mutum zai shiga gini bai ga komai ba, alhali an ce bangon cike yake?

Domin hasken da ke faɗo wa bango kai tsaye yana ɓoye tsaga marar zurfi. Dabarar ita ce a riƙe tocila a jikin bangon, haskenta ya bi fuskar dutsen a kwance, sai kowane ɗan layi ya yi inuwa, bangon da ake gani fes ya cika da haruffa. Da wannan hanya mai sauƙi ne masu aikin sa-kai suka bi coci-cocin yankin Norfolk tun daga 2010, suka tattara rubuce-rubuce sama da 26,000 waɗanda ba a taɓa lissafa su ba. Masana suna ƙarawa da ɗaukar hotuna masu yawa daga wuri ɗaya, ana sauya wa fitila matsayi, sannan kwamfuta ta haɗa su yadda za a iya juya hasken a kan allo. Binciken da aka yi wa tsoffin duwatsun Stonehenge na Ingila da na'urar leza a 2011 ya fito da zanen kan gatari sama da 70 da ido ba ya iya gani.

Idan rubutun jiya ya zama tarihi, me ya hana ni in ƙara nawa domin na gobe?

Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, domin Halfdan ma bai nemi izinin kowa ba. Darajar rubutunsa ta zo ne daga ƙarancin shaida: ba shi da hoto, ba shi da takarda, kuma ba mu da wata hanya ta sanin cewa ya tsaya a wannan bene. Mutumin yau yana barin sawunsa a takardu da hotuna da intanet fiye da yadda wani mai bincike zai iya karantawa, saboda haka sunansa a jikin dutse ba ya ƙara wa kowa sani. Sannan akwai yawa. Wuraren da a da mutum ɗari suke ziyarta a shekara, yau miliyoyi ne suke shiga, kuma da kaɗan daga cikinsu za su fito da makulli su karta, da bangon ya ƙare cikin 'yan shekaru. Mafi muni, sabon karce yakan bi ta kan tsohon da mai yin bai ma lura da shi ba, ya kuma fasa fatar dutsen da ta daɗe tana kare shi, ruwa da gishiri su samu hanyar shiga.

Doka ma ta tsananta. Bayan an ɗauki bidiyon wani ɗan yawon buɗe ido yana karta suna da makulli a bangon Kolosiyam na birnin Rum a 2023, majalisar Italiya ta amince a farkon 2024 da dokar da ta kai tarar lalata kayan tarihi har Yuro 60,000.

To yaushe ne ake gogewa, yaushe kuma ake bari?

Babu wata shekara da duniya ta amince cewa daga ita karce ya zama abin adanawa. Ana duba wanda ya yi, da halin da aka yi shi a ciki, da abin da yake shaida. Misali mafi bayyana shi ne ginin majalisar dokokin Jamus a Balin. Sojojin Tarayyar Sobiyet da suka kama shi a 1945 sun cika bangonsa da sunayensu da na garuruwansu, da gawayi da alli. An rufe rubutun a gyaran da aka yi bayan yaƙi, ya sake bayyana a gyaran shekarun 1990, aka yi muhawara mai zafi, daga ƙarshe aka bar wani sashe nasa, kuma 'yan majalisa suna wucewa ta gabansa tun da aka sake buɗe ginin a 1999. Hukuncin ya yi daidai, domin rubutun yana faɗin abin da ya faru a wannan gini fiye da duk wani allon bayani da za a rataya. Abin da ya kamata a gane game da karce shi ne ba a goge shi sai an ci jikin dutsen, don haka masu gyara sukan gwammace su cike sabuwar tsaga ko su dusashe launinta maimakon su kankare wurin.

Mene ne ya fi yi wa waɗannan rubuce-rubuce barazana, kuma me mai ziyara zai yi idan ya ga wani?

Ruwan sama, da danshi, da gishirin da ke tsatsowa daga cikin dutse, da hayaƙin birane, duk suna cin su a hankali. Amma asara mai yawa ta zo ne daga masu kyakkyawar niyya. A ƙarni na 19 an kankare bangon coci-coci masu yawa a Turai da sunan gyara, aka tafi da fenti da rubutu gaba ɗaya, kuma har yau wanke bango da ruwa mai ƙarfi ko fesa masa yashi yana iya share aikin shekara 600 a yini guda. Saboda haka wajibi ne a bi bango da fitila a ɗauki hotonsa kafin a fara kowane gyara.

Mai ziyara kuwa kada ya bi layin da yatsa, kada ya cika shi da alli ko fensir domin ya fito a hoto, kada ya jiƙa shi da ruwa, kada kuma ya ɗora takarda ya goga, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin bakin tsagar, wanda shi ne masana suke dubawa su gane irin ƙarfen da aka yi aiki da shi. Ya haska tocilar wayarsa daga gefe idan an yarda da hakan a wurin, ya ɗauki hoto na kusa da na nesa wanda zai nuna inda rubutun yake a jikin ginin, sannan ya sanar da masu kula da wurin, domin a gine-gine da yawa ba a taɓa yin cikakken lissafin abin da ke bangonsu ba.